Birnin Kwali da Birnin Dutse: Tarihin Alaƙar Fim ɗin Casablanca da Garin Darul Baida, 1942 zuwa 2023

1.0 Gabatarwa

Sanannen abu ne cewa ɗan'adam yakan yi marmarin ganin garin da ya sha jin labarinsa. A zamanin da, bakin fatake da na alhazai da kuma littattafan matafiya su ne ke dasa wannan marmari a zukata. Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 kuwa, sai fim da talabijin suka karɓe mafi yawan aikin. Wanda ya kalli Roman Holiday na 1953, alal misali, yana iya zuwa birnin Rum ya zura hannunsa a bakin dutsen nan da Gregory Peck ya zura nasa, domin kuwa a can ɗin aka ɗauki fim ɗin. Haka nan mai sha'awar The Third Man na 1949 zai tarar da magudanan ruwan ƙarƙashin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suna nan yadda ya gan su a allo. A irin waɗannan wurare, abin da ido ya gani a silima da abin da ƙafa za ta taka a gari abu ɗaya ne.

Wannan maƙala za ta dubi wani misali da ya saɓa wa wannan tsari, wato fim ɗin Casablanca na 1942 da birnin ƙasar Maroko da aka ari sunansa. Babu ko fitowa ɗaya ta fim ɗin da aka ɗauka a Maroko, amma duk da haka shekara da shekaru baƙi suna sauka a birnin suna cigiyar wuraren da suka gani a cikinsa, har ta kai ga an gina musu abin da suke nema. Za a bi tarihin birnin, da na fim ɗin, da yadda suka haɗu daga baya, da kuma irin amsar da 'yan garin suka mayar. Domin guje wa ruɗani, za a riƙa rubuta Casablanca in fim ake nufi, Kasabalanka kuwa ko Darul Baida in gari ake nufi.

2.0 Garin Kafin Zuwan Fim

Sunan farko da tarihi ya riƙe wa wannan wuri shi ne Anfa, wata tashar jiragen ruwa ta Barbar a gaɓar tekun Atalantika. A shekarar 1468 mayaƙan Fotugal suka far mata suka rushe ta, bisa dalilin cewa ta zama maɓoyar 'yan fashin teku masu addabar jiragensu. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya bayyana kufanta a littafinsa na bayanin Afirka da aka buga a 1550, littafin da manazarta tarihin ƙasar Hausa suka sani saboda abin da ya faɗa game da Kano da Katsina. Bayan girgizar ƙasar 1755, Sarkin Maroko Sidi Muhammad bin Abdullahi, wanda ya yi mulki daga 1757 zuwa 1790, ya sake raya wurin, ya yi masa ganuwa da masallaci. Daga nan ne sunan Darul Baida, wato farin gida, ya kafu. 'Yan kasuwar Sifaniya da suka riƙa sayen alkama a tashar suka yi amfani da fassarar sunan a harshensu, ita ce kuma ta bi duniya. Mazauna garin a yau sukan taƙaita shi su ce Kaza, su kira kansu Bidawa.

Har zuwa farkon ƙarni na 20, garin bai kai ya yi kafaɗa da Fas ko Marrakesh ba ta fuskar ilimi ko sarauta. Abin da ya sauya masa ƙaddara shi ne tashar jiragen ruwa. A ƙarshen watan Yuli na 1907, mutanen karkarar Shawiya suka kashe ma'aikata Turawa tara da ke aikin wani ƙaramin layin dogo na tashar, wanda aka bi da shi ta gefen maƙabarta. Faransa ta mayar da martani da ruwan bama-bamai daga teku a ranakun 5 zuwa 7 ga Agusta, ta kuma sauke sojoji. Shekara biyar bayan haka, a watan Maris na 1912, aka sa hannu a yarjejeniyar Fas wadda ta miƙa Maroko ƙarƙashin ikon Faransa. Wakilinta na farko, Janar Lyautey, ya mayar da fadar mulki Rabat, ya ware Kasabalanka ta zama cibiyar ciniki, ya kuma ɗora wa mai tsara birane Henri Prost alhakin shata mata manyan tituna.

Birnin ya bunƙasa cikin hanzari mai ban mamaki. Garin da mutanensa ba su fi 'yan dubu ashirin da wani abu ba a 1907, ya haura dubu 250 a tsakiyar shekarun 1930. Dogayen benaye na siminti suka tashi, aka gina gidajen silima irin su Rialto da kuma Vox, wanda Marius Boyer ya zana, aka buɗe shi a 1935 da kujeru kimanin 2,000. A bayan waɗannan benaye kuwa, talakawan da suka baro karkara neman aikin ƙwadago suka riƙa kafa bukkoki da gwangwanaye da ɓaraguzan katako. A nan akwai abin da zai ja hankalin masanin harshe: kalmar Faransanci ta bidonville, wato garin gwangwani, wadda yanzu ake kiran kowace unguwar marasa galihu da ita a duk inda ake jin Faransanci, a Kasabalanka aka fara amfani da ita wajen shekarun 1930. Larabcin garin kuma ya ari kalmar da Faransawa ke kiran wurin fasa dutse da ita, ya mayar da ita karyan, saboda fitacciyar unguwar irin wannan, Carrières Centrales, a gefen ramukan dutse ta fara. Wannan shi ne garin da ke nan a 1942: birnin masana'antu da tashar jiragen ruwa, wanda ya fi kama da Marsiliya a kan ya yi kama da ƙauyen Larabawan tatsuniya.

3.0 Yadda Aka Gina Wata Kasabalanka a Kalifoniya

Asalin fim ɗin wasan kwaikwayo ne na dandali mai suna Everybody Comes to Rick's, wanda Murray Burnett da Joan Alison suka rubuta a 1940, amma ba a samu wanda ya ɗauki nauyin nuna shi ba. Burnett ya ziyarci Biyana a 1938 bayan da Jamus ta haɗiye Ostiriya, ya ga halin da Yahudawa suke ciki, sannan ya bi ta kudancin Faransa inda ya shiga wani gidan rawa mai cike da baƙi daga ƙasashe daban-daban. Can ne ya samo hoton mashayar Rick. Ke nan tun daga tushe, abin da aka ɗora wa sunan birnin Maroko abu ne da aka gani a Turai. Kamfanin Warner Bros. ya sayi wasan a kan dala 20,000 jim kaɗan bayan harin Pearl Harbor na Disamba 1941, mai shirya fim ɗin kuma, Hal Wallis, ya sauya masa suna. Dalilin sauyin na kasuwa ne. A 1938 wani fim mai suna Algiers ya yi farin jini, sai aka ga cewa sunan wani birni na Arewacin Afirka zai iya jawo irin waɗancan 'yan kallo. Abin da aka bukata daga Maroko bai wuce amon sunan ba.

An fara ɗauka ranar 25 ga Mayu, 1942, aka kammala a farkon Agusta, a ƙarƙashin jagorancin Michael Curtiz, mutumin Hangari. Kusan komai a harabar kamfanin da ke Burbank aka yi shi, in ban da fitowar saukar hafsan Jamus, wadda aka ɗauka a filin jirgin sama na Van Nuys da ke kusa. Titin kasuwar da ake gani a farkon fim ɗin ma ba domin shi aka kafa ba. An gina shi ne domin wani fim mai suna The Desert Song, aka ɗan yi masa kwaskwarima. Jirgin saman da ke bayan Humphrey Bogart da Ingrid Bergman a fitowar ƙarshe ƙaramin samfuri ne na katako da kwali, aka sa gajerun mutane suna kai da kawowa a gindinsa domin ya yi kamar babba, aka kuma cika wurin da hazo don a rufe asiri. Dooley Wilson, wanda ya fito a matsayin Sam mai kaɗa fiyano, mawaƙi ne kuma makaɗin ganga, bai iya fiyano ba. Hatta takardun izinin wucewa da dukkan labarin ya rataya a kansu, marubutan ne suka ƙago su. Babu irinsu a tsarin mulkin Vichy.

To, amma ba daidai ba ne a ce fim ɗin ƙarya ce tsagwaronta. Hanyar da taswirar farkon fim ɗin ta nuna, daga Faris zuwa Marsiliya, a ƙetare teku zuwa Oran, a biyo ta Kasabalanka da fatan isa Lizbon, hanya ce da 'yan gudun hijira suka bi da gaske. A 1941 an tsare wasu jiragen ruwa da suka taso daga Marsiliya a tashar Kasabalanka, aka kwashe fasinjojinsu zuwa sansanoni irin su Oued Zem da Sidi el-Ayachi. Wata lauya 'yar garin, Hélène Cazès-Benatar, ta kafa kwamitin agaji da ya taimaki dubban irin waɗannan mutane. Waɗanda ba su yi sa'a ba kuwa, aka tura su aikin tilas a Bou Arfa da Berguent, inda gwamnatin Vichy ta tsiri shimfiɗa layin dogo da ta yi burin ya ratsa Sahara ya isa kogin Neja, har da reshe zuwa Yamai. Layin bai je ko'ina ba, amma ya ci rayuka. Fim ɗin bai nuna wannan ba sai a 'yan kalmomi na wucewa.

Gaskiyar da ta fi ƙarfi a cikinsa tana fuskokin 'yan wasan ne. Daga cikin waɗanda aka jera sunayensu, uku ne kawai haifaffun Amurka. Conrad Veidt, wanda ya fito a matsayin hafsan Nazi, ya bar Jamus a 1933 tare da matarsa Bayahudiya. Marcel Dalio da Madeleine Lebeau sun gudu daga Faris a 1940, suka bi ta Lizbon da bizar ƙasar Chile wadda daga baya aka gano jabu ce. Da yawa daga cikin masu ƙananan fitowa haka tarihinsu yake. Saboda haka karin harshen da ake ji a mashayar Rick, na Jamusanci da Rashanci da Hangariyanci da Faransanci, ba kwaikwayo ba ne. Harshe ɗaya ne ba a ba shi wuri ba, shi ne na masu garin. Babu wani ɗan Maroko da ke da rawar kirki a labarin. Mai tsaron ƙofa da aka kira Abdul, Ba'amurke ne mai suna Dan Seymour ya fito a matsayinsa. Jar dara kuwa a kan Sydney Greenstreet, Baturen Ingila, aka fi ganin ta. A ganin mai wannan nazari, wannan rashi shi ne ginshiƙin abin da ya biyo baya, domin ɗan kallo ya tashi da sanin sunan gari ba tare da ya san ko mutum ɗaya daga cikinsa ba.

3.1 Sa'ar Lokaci

Da a ce al'amuran yaƙi sun bi wata hanya dabam, mai yiwuwa da fim ɗin ya shige cikin ɗaruruwan da Hollywood ke fitarwa kowace shekara. Ranar 8 ga Nuwamba, 1942, sojojin Amurka ƙarƙashin Janar Patton suka sauka a Fedala da Safi da Mehdiya, aka yi ba-ta-kashi da jiragen yaƙin Faransa a tashar Kasabalanka, birnin ya miƙa wuya ranar 11 ga wata. Nan take kamfanin ya gaggauta, ya fara nuna fim ɗin a New York ranar 26 ga Nuwamba. Aka sake shi a faɗin Amurka ranar 23 ga Janairu, 1943, daidai lokacin da Roosevelt da Churchill suke taro a otal ɗin Anfa, taron da aka yi daga 14 zuwa 24 ga watan, wanda a ƙarshensa aka shelanta cewa ba za a karɓi komai daga Jamus da ƙawayenta ba sai miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba. Sunan da aka zaɓa don daɗin amonsa sai ga shi a kanun kowace jarida. A watan Maris na 1944 fim ɗin ya ci kyautar Oscar guda uku. Wani abin lura shi ne, hukumar yaɗa labaran yaƙi ta Amurka ta hana a nuna shi ga sojojin da ke Arewacin Afirka, don gudun ɓata wa magoya bayan Vichy na yankin rai. A Jamus ta Yamma kuwa, da aka fassara shi a 1952, an yanke kusan minti 25, aka share duk wani ambaton Nazi, aka mayar da ɗan gwagwarmaya Victor Laszlo masanin kimiyya ɗan Norway. Sai a 1975 Jamusawa suka ga cikakkensa. Wannan babi ne mai zaman kansa ga masu nazarin fassara.

Ga mutanen Maroko, abin da ya fi muhimmanci a taron Anfa shi ne liyafar daren 22 ga Janairu, inda Sarki Muhammad na Biyar ya gana da Roosevelt. Shekara guda bayan haka, ranar 11 ga Janairu, 1944, 'yan kishin ƙasa suka gabatar da takardar neman 'yanci. A Disamba 1952, bayan kisan shugaban ƙwadagon Tunisiya Farhat Hached, unguwar Carrières Centrales ta yi bore, aka murƙushe shi da bindiga. An kori sarki a 1953, ya dawo a 1955, ƙasar ta sami 'yanci a 1956. A Janairu 1961 birnin ya karɓi taron Maroko da Gana da Gini da Mali da Masar da wasu, waɗanda aka sani da rukunin Kasabalanka, kishiyar rukunin Monrobiya da Nijeriya ta Abubakar Tafawa Ɓalewa ke ciki. Ga ɗalibin siyasar Afirka, wannan shi ne abin da sunan ke fara kawowa a rai.

4.0 Baƙi Masu Cigiyar Abin da Babu

Fim ɗin bai tsufa ba kamar sauran tsararrakinsa. Tun daga ƙarshen shekarun 1950, gidan silima na Brattle da ke kusa da Jami'ar Harvard ya mayar da nuna shi al'ada a lokacin jarrabawa, talabijin ɗin Amurka kuma ta riƙa maimaita shi ba ƙaƙƙautawa. An yi wasannin talabijin biyu da sunansa, a 1955 da 1983. A 1989 yana cikin finafinai 25 na farko da aka sa a kundin adana finafinan ƙasar Amurka. Fiyanon da aka yi amfani da shi a mashayar Rick an yi gwanjonsa a New York a 2014 a kan dala miliyan 3.4, wato fiye da ninki uku na abin da aka kashe wajen shirya fim ɗin gaba ɗaya.

Waɗanda suka tashi da wannan fim, da suka sami halin tafiya, sai suka riƙa sauka a Kasabalanka da tambaya ɗaya a baki: ina mashayar Rick? Abin da suke tararwa shi ne birnin cunkoson motoci da bankuna da masana'antu. Masu rubuta littattafan jagorar matafiya sun sha nusar da su cewa yanayin 'yan leƙen asiri da 'yan fasa-ƙwauri da suke nema ya fi kusa da Tanja, wadda ta zauna ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar ƙasashe daga shekarun 1920 zuwa 1956. Amma suna ya riga ya yi aikinsa. Wani babban otal na tsakiyar gari ya daɗe yana rage wa irin waɗannan baƙi zafi da wata mashaya da aka liƙa wa hotunan fim ɗin.

Wadda ta ɗauki abin da gaske ita ce Kathy Kriger, Ba'amurkiya da ta yi aikin jami'ar kasuwanci a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta da ke birnin. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ta ajiye aiki, ta tara jari daga abokai, ta sayi wani tsohon gida mai tsakar gida da aka gina wajen 1930 a jikin ganuwar tsohon gari, ta danƙa wa mai ƙawata gine-gine Bill Willis ya mayar da shi kamar abin da ke cikin fim. An buɗe Rick's Café a watan Maris na 2004, ƙasa da shekara guda bayan hare-haren bam na 16 ga Mayu, 2003, da suka hallaka mutum 33 ban da maharan 12. Ta riƙe shi har rasuwarta a 2018. Wurin ya zama zangon motocin 'yan yawon buɗe ido, akasari bayan sun fito daga Masallacin Hassan na Biyu da ke kusa, wanda aka buɗe a 1993.

A lura da yadda abin ya juya. An saba gini ya riga hotonsa. A nan kuwa hoto ne ya riga gini da shekara 62. Bakunan ƙofofi da fitilun tagulla da masu zanen Burbank suka kwaikwayo daga abin da suke zaton Maroko ce, su ne maginan Maroko na gaske suka zo suka sake kwaikwaya da filasta da katakon gaske. Ba za a zargi wadda ta yi wannan ba, domin ta ga kasuwa ta bi, ta raya gidan da ƙila da ya zube, ta kuma samar wa mutane aikin yi. Abin takaicin yana wani wuri ne. Gine-ginen da suka shaida tarihin shekarun yaƙi da idonsu, wato otal ɗin Anfa da silimar Vox, duk an rushe su a shekarun 1970. Sai a 1995 wasu masu kishin garin suka kafa ƙungiyar Casamémoire domin kare abin da ya saura. Baƙon da ke son ya tsaya inda Roosevelt ya zauna ba zai sami ginin ba, amma zai sami teburin da Bogart bai taɓa zama a kai ba.

Ba duk mai sauka a birnin ne fim ya kawo shi ba. Matafiyi daga Nijeriya ko Nijar ya fi sanin Kasabalanka a matsayin zangon jirgin sama, ko kuma ƙofar shiga ga mai niyyar ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, inda ya rasu a 1815. Shi ma wannan filin jirgi, sojojin Amurka ne suka fara gina shi a 1943. Amma Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wancan marmari: duk wanda ya yi zamani da gidajen silima na Kano ko Jos ko Kaduna ya san yadda Bombay ta zauna daram a kan mutanen da ba su taɓa ƙetare Zariya ba.

5.0 Amsar 'Yan Gari

'Yan fim ɗin Maroko ba su zauna sun naɗe hannu ba. A 1991 Abdelkader Lagtaa ya fitar da Hubb fi Dar al-Baida, wato soyayya a Darul Baida, wanda ya ja ɗimbin 'yan kallo a ƙasar, ya kuma tayar da ƙura saboda yadda ya taɓo rayuwar matasan birni ba tare da rufa-rufa ba. A 2000 Nabil Ayouch ya yi Ali Zaoua, labarin yaran da ke kwana a gefen tashar jiragen ruwa, kuma yaran titi na gaske ne suka fito a ciki. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 2001. Shi ne kuma ya yi Les Chevaux de Dieu a 2012, game da unguwar gwangwani ta Sidi Moumen da maharan 2003 suka fito daga cikinta. Nour-Eddine Lakhmari kuwa da sunan kansa ya yi faɗa. Fim ɗinsa na 2008 ya kira shi Casanegra, wato baƙin gida, ya ɗauki mafi yawansa da dare a tsakanin tsofaffin benayen zamanin Faransa da suka dafe, 'yan wasansa kuma suna magana da Darija, Larabcin titi, har da ashar ɗinsa. Harshen da aka hana wa wuri a 1942, a nan shi ke da fage.

Mafi dacewa da batun wannan maƙala shi ne fim ɗin Asmae El Moudir na 2023, wanda a Larabci ta kira Kadib Abyad, wato farar ƙarya, a waje kuma aka san shi da The Mother of All Lies. Ranar 20 ga Yuni, 1981, an yi yajin aikin gama-gari a Kasabalanka saboda ƙarin farashin gari da sukari da mai, abin ya rikiɗe ya zama tarzoma, sojoji suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum 66 ne suka mutu, 'yan adawa suka ce sun haura 600. An binne gawarwaki a asirce. Hukumar gaskiya da sasantawa da aka kafa a Janairu 2004, wata biyu kafin buɗe Rick's Café, ita ce ta kai ga tono wani kabarin bai-ɗaya a harabar 'yan kwana-kwana a Disamba 2005. Da El Moudir ta tashi ba da labarin wannan rana, sai ta tarar hoto ɗaya tak ya tsira daga gare ta, a gidansu ma kakarta ta daɗe da hana ajiye hotuna. Sai ita da mahaifinta, wanda magini ne, suka ƙera ƙaramin samfurin unguwarsu, da titinta da ƙofofinta, suka yi 'yan mutum-mutumi na iyali da maƙwabta. Ta tara mutanen a gaban samfurin, kowa ya ɗauki nasa ya nuna inda yake a ranar da abin da aka yi masa. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya kwatanta yadda aka cusa su a ɗakin kurkuku har mutane suka riƙa mutuwa saboda rashin iska. Fim ɗin ya ci kyautar ba da umarni a sashen Un Certain Regard na bikin Cannes a watan Mayu na 2023, a watan Disamba kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Marrakesh, karo na farko da wani fim na Maroko ya same ta tun da aka fara bikin a 2001.